Shiga Ajin Kabtin a Nadi: Yadda Sabon Shiga Zai Tsallake Watan Farko Lafiya

Duk wanda ya leƙa nadi, wato gidan motsa jiki, a Jidda ko Makka bayan sallar isha'i ya san ɗakin nan mai madubi bango guda, inda kiɗa ke tashi, kabtin, wato mai horarwa, yana gaba yana ƙirga "wahid, itnen, talata", mutum ashirin ko talatin suna bin sa a tare. Shi ake kira hissa, wato ajin motsa jiki na taro. 'Yan'uwanmu, daga haifaffun nan har waɗanda neman halali ya kawo, sun fara shiga sosai, musamman mata tun da aka fara ba wa wuraren motsa jikinsu lasisi a 2017. Abin yana faranta mini rai, kuma ina so ya yawaita. Abin da ke damuna shi ne yawan waɗanda ke biyan kuɗin shekara su daina zuwa kafin wata biyu. Ana ɗora laifin a kan lalaci, amma sau da yawa ciwo ne ya kore su, ciwon kuma kunya ce ta jawo shi: kunyar gaya wa kabtin kana da hawan jini, kunyar ɗaukar ƙarfe mafi ƙanƙanta a gaban sa'annin ɗanka, kunyar tsayawa ki huta alhali kowa yana tsalle.

Amfanin aji a fili yake. Lokaci a yanke yake, an riga an tsara maka abin yi daga farko har ƙarshe, in ka yi fashi kuma akwai mai tambayar ina ka shige. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Aji uku na minti 45 zuwa 60, da ɗan tattaki a mamsha, wato hanyar masu tafiya a ƙasa, ko bakin teku a Kornish, sun cika wannan ma'auni. Sai dai aji yana da aibi guda da ya kamata a sani tun daga bakin ƙofa: yana tafiya ne da saurin kiɗa da na tsofaffin ɗalibai. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Matar da ke gabanki tana tsalle ko haki ba ta yi, wataƙila shekararta uku a ɗakin.

Wane aji za a fara da shi

Jadawalin da ke manne a bango ko a manhajar nadi cike yake da sunaye, amma idan aka tattara su ba su wuce kashi biyar ba. Akwai ajin keke, wanda za ka ga an rubuta Spinning ko RPM. Akwai ajin sanda da faya-fayan ƙarfe marasa nauyi, irin BodyPump na kamfanin Les Mills. Akwai na rawa kamar Zumba, wanda ya fi yawa a ɓangaren mata. Akwai na miƙa jiki da ƙarfafa ciki da baya, har da na cikin ruwa a inda ake da wurin iyo. Sannan akwai masu zafi, waɗanda ake aiki da dukkan ƙarfi na ɗan lokaci a huta a sake: HIIT, Tabata, CrossFit da makamantansu.

Shawarata ba ta da kwana-kwana. Wanda ya shekara biyar ko goma yana zaune a bayan sitiyari, ko a shago, ko a gida, ya bar wa masu zafin nan ɗakinsu har sai ya yi mako shida zuwa takwas. Tsarin Tabata, misali, daƙiƙa 20 ne na aiki da iyakar ƙarfi, daƙiƙa 10 hutu, sau 8, minti huɗu ke nan. Masanin Japan ɗin da aka sa wa tsarin sunansa, Izumi Tabata, ya wallafa bincikensa a 1996, kuma a kan matasa masu horo ya yi gwajin. Dattijo mai shekara 45 da tumbi ba shi aka auna ba. A fara da ajin sanda ko na keke. Mai nauyin jiki sosai ko mai ciwon gwiwa ya nemi na cikin ruwa, domin ruwa yana ɗauke yawancin nauyin daga kan gaɓoɓi. Wanda aikinsa na ƙarfi ne, kamar gini ko lodi, jikinsa ya riga ya sha wahala da rana. Ajin miƙa jiki da ƙarfafa baya ya fi masa amfani fiye da ƙarin tsalle-tsalle.

Maganar kiɗa kuwa, na san tana hana wasu shiga. A tambayi masu karɓar baƙi ko akwai ajin da ake yi ba kiɗa ko da ƙaramin sauti. Ko wanda kiɗan bai dame shi ba, ya nisanci bakin lasifika, saboda ƙarar da ake saki a wasu ajin keke tana iya taɓa ji idan aka daɗe ana sha.

Game da ishtirak, wato rajistar biyan kuɗin nadi, kada a fara da na shekara komai daɗin rangwamen. A nemi gwajin kwana ɗaya, sannan a sayi na wata ɗaya ko uku. Kafin sa hannu a tabbatar da abu huɗu: ko azuzuwan suna cikin kuɗin ko ana biyansu daban, ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari, kwana nawa ake yarda a yi tajmid, wato a dakatar da ishtirak lokacin tafiya gida ko aikin Hajji, da kuma ko katin yana aiki a sauran rassa. Za a nemi iƙama, wato katin izinin zama, ko katin ɗan ƙasa. Rangwame mai tsoka yakan zo ne kusa da Ranar Ƙasa, 23 ga Satumba, da Ranar Kafuwa, 22 ga Fabrairu, don haka wanda ya gwada ya ga zai ɗore yana iya jiran lokacin ya sayi dogon. Kuma a zaɓi nadin da bai wuce tafiyar minti goma sha biyar daga gida ko wurin aiki ba. Cunkoson Jidda da magariba ya kashe niyyar mutane da yawa.

Ranar farko

Ka kama wuri a manhaja tun da wuri, domin kekuna ƙidayayyu ne. Ka ci abu mara nauyi awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin lokaci: ayaba, ko dabino da laban (nono), ko ɗan burodi da ƙwai. Kabsa ko mandi suna bukatar awa uku. Ka zo da tawul, da gorar ruwa mai ɗaukar aƙalla mililita 750, da takalmi rufaffe mai tauri a ƙasa. Takalmin gudu mai laushin soso yana sa ƙafa rawa idan an ɗora nauyi. Maza su sa wando mai rufe gwiwa, ko su sa matsattse a ciki, saboda akwai kwanciya da ɗaga ƙafa. Mata su nemi rigar nono ta wasanni mai riƙewa da kyau, rashin ta yana sa ciwon ƙirji da baya.

Sai babban aikin: ka iso minti goma kafin a fara, ka je wurin kabtin ka yi magana. Ba ta da tsawo. "Ana jadid, awwal marra", mace ta ce "ana jadida". Ma'anarsa ni sabo ne, karon farko ke nan. In akwai larura a faɗa: "indi sukkar", "indi dagt", "indi alam fir-rukba". Wato ina da suga, ina da hawan jini, ina da ciwon gwiwa. Kabtin bai san gaibu ba, abin da ka gaya masa da shi zai yi aiki. Amsar da zai ba ka ita ce jarrabawarsa. Na kirki zai tambaye ka tun yaushe, ya nuna maka inda za ka tsaya, ya ce ga sauƙaƙƙen nau'in kowane motsi. Wanda ya daki kafaɗarka ya ce "ma fi mushkila, shidd helak" (ba damuwa, ka dage) ya wuce, ka riƙe linzamin jikinka da kanka, in da hali ka canza aji.

Sabon shiga yakan ruga layin ƙarshe, can lungu, don kada a gan shi. A nan ne kuwa ba ya ganin ƙafafun kabtin, kabtin ma ba ya ganin kuskurensa, sai ya ɓuge da kwaikwayon na gabansa wanda shi ma ba daidai yake yi ba. Layi na biyu, ɗan gefe, inda kake ganin kanka a madubi, ya fi ko'ina.

Idan keke ne, daidaita shi ya fi tuƙin muhimmanci. Ka tsaya a gefensa, ka ɗaga sirdi ya yi daidai da ƙashin ƙugunka. Ka hau, ka sauke feda ɗaya ƙasa can: gwiwa ta kasance da ɗan lanƙwasa, kamar digiri 25 zuwa 35. In ta miƙe sar har ƙugu yana karkata hagu da dama, sirdi ya yi sama, bayan gwiwa da kwankwaso za su yi ciwo. In ta lanƙwashe sosai, sirdi ya yi ƙasa, gaban gwiwa ne zai ɗauki wahalar, kuma wannan shi ne kuskuren da aka fi yi saboda mutane suna jin sun fi samun natsuwa a ƙasa-ƙasa. Sannan ka daidaita fedoji biyu su yi layi ɗaya a kwance: ƙoƙon gwiwar gaba ya kasance a saman tsakiyar feda, in ya zarce, a ja sirdi baya. Mariƙin hannu ya yi daidai da sirdi ko ya ɗan fi shi tsayi, mai ciwon baya ya ƙara ɗaga shi. Ka matse duk makullan, ka ɗaure igiyar feda, ka cusa igiyar takalmi ciki.

Abu biyu game da wannan keke da ba a cika faɗa ba. Ƙafarsa ta ƙarfe ce mai nauyi, kuma a yawancinsu feda ba ta tsayawa don ka daina tuƙi; in kana so ka tsaya, ka danna murɗin ƙara nauyi ƙasa, shi ne birki. Zare ƙafa alhali feda tana juyawa yana sa ta daki ƙwauri. Na biyu, tuƙi ba nauyi ko kaɗan ba sauƙi ba ne, domin ƙafar keken ce ke jan ka, ɗuwawu yana tsalle a kan sirdi, gwiwa tana fizga. A sa ɗan nauyi har a ji kamar ana tuƙi a kan kwalta, a tsaya tsakanin juyi 60 zuwa 100 a minti. A ajin farko, idan an ce a miƙe tsaye a kan feda, ka zauna abinka. Minti 20 zuwa 30 sun isa, ka sassauta minti biyar ka sauka.

Idan ajin sanda ne, tsarin cikakkensa kashi goma ne, kowane kashi kusan minti biyar a kan sashe ɗaya na jiki: ɗumama jiki, tsugunno, ƙirji, baya, bayan damtse, gaban damtse, takun gaba da durƙuso, kafaɗa, ciki, sai miƙa jiki. Faya-fayan yawanci kilo 1 ne, da 2.5, da 5. A nan ne maza suke faɗawa rami. Mutumin da ke ɗaga buhun shinkafa mai kilo 40 yana ganin kilo biyu da rabi a kowane gefe abin yara ne. Amma buhu sau ɗaya ake ɗaga shi a ajiye, a nan kuwa minti biyar za a yi ana maimaita motsi ɗaya ba tsayawa. Namiji ya fara da 2.5 a kowane gefe, mace da 1 ko 2.5, ko ma sandar kaɗai a ɓangaren kafaɗa. Kullum a sa maƙallin da ke riƙe faifai. A makon farko a yi kashi huɗu na farko a fita, kowane mako a ƙara ɗaya. Gaya wa kabtin tun farko ya isa, ba rashin ladabi ba ne.

Tsugunno ba baƙon abu ba ne a wurinmu, amma da nauyi a kafaɗa yana da ƙa'ida. Ƙafafu su buɗe daidai faɗin kafaɗa ko fiye kaɗan, yatsu su ɗan kalli waje. Ƙugu ne ke fara tafiya baya, kamar mai neman zama a kujera 'yar tsugunno da aka ajiye masa a baya. Dunduniya ba ta barin ƙasa, gwiwa tana bin inda yatsu suka kalla. Idan ka ga gwiwoyinka suna haɗuwa ciki lokacin tashi, nauyin ya yi maka yawa ko tsokar ɗuwawu ta gaji, ka rage. Sandar tana zama a kan naman saman baya, kada ta hau ƙashin wuya. Motsin ɗaga sanda daga gaban cinya kuwa, mafi sauƙin kwatance shi ne ruku'u na mai kyautata salla: gadon baya a miƙe, ƙugu ya koma baya, sai dai a nan gwiwa tana ɗan lanƙwasa, sandar kuma tana goga cinya har zuwa gwiwa. Da zarar baya ya yi doro, nauyin ya tashi daga tsoka ya koma kan ƙashin baya. Duk inda aka ce a yi tsalle, kana iya yin taku. Duk inda aka ce a yi dannen ƙirji a ƙasa, kana iya sa gwiwa a ƙasa ko ka jingina da bango.

Ta yaya za ka san ƙarfin da kake yi ya yi daidai? Da bakinka. In kana iya faɗin jimla cikakkiya kana ɗan haki, kana matsakaici, nan ne mazauninka a watan farko. In kalma biyu ko uku kawai ke fita, ka shiga mai tsanani. Masu agogon auna bugun zuciya suna iya cire shekarunsu daga 220 su sami ƙiyasin iyakar bugu: ɗan shekara 40 zai sami 180, matsakaicinsa kuma tsakanin 115 da 137 ne. Ƙiyasi ne kawai, kuma wasu magungunan hawan jini, irin su atenolol da bisoprolol, suna danne bugun zuciya, don haka mai shan su ya dogara da gwajin magana.

Larurorin da kunya ke sa a ɓoye

Na farko a wurina shi ne sikila, domin ta shafe mu fiye da yawancin waɗanda muke tsayawa layi ɗaya da su, kuma kabtin ba zai yi tunaninta ba sai ka faɗa. Mai SS ba ya shiga aji sai da izinin likitansa. Mai AS lafiyarsa lau, yana iya kowane wasa, amma idan aka haɗa aiki mai tsanani ba hutu, da zafi, da ƙarancin ruwa a jiki, da rashin sabo, ƙwayoyin jininsa suna iya lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyin tsoka. Alamar ita ce ƙafafu su mutu, su yi laushi, mutum ya zube a hankali yana haki, ba irin ɗaurewar tsoka da aka saba gani ba. Wannan na gaggawa ne, a kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997. Rigakafin kuwa mai sauƙi ne: ƙara ƙarfi sannu a hankali cikin makonni, hutawa da zarar jiki ya nema, shan ruwa, da ƙin shiga aji ranar da ake zazzaɓi ko mura. Tun 2004 aka wajabta gwajin sikila kafin aure a Saudiyya. Wanda bai taɓa yi ba ya je a duba shi, gwajin jini ne ɗan kaɗan.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke saukar da suga da ƙarfi, irin gliclazide da glibenclamide, ya auna kafin aji. In ya gaza 100 a ma'aunin mg/dL, ya ci abin da ya kai giram 15 na sitaci ko zaƙi, kamar dabino biyu zuwa uku ko rabin kofin ruwan lemo, ya sake aunawa. Rawar hannu, gumi mai sanyi, da jiri a tsakiyar aji alamun faɗuwar suga ne. Ƙasa da 70 a tsaya nan take a ci zaƙi, a jira minti 15 a sake dubawa. Sugan yana iya faɗuwa sa'o'i bayan an gama, har cikin barci, shi ya sa ajin dare yake bukatar a auna kafin kwanciya. A riƙa duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu bayan an cire takalmi.

Mai hawan jini, abin da zai kiyaye shi ne riƙe numfashi lokacin ɗaga nauyi, domin yana harba jini sama farat ɗaya. A fitar da numfashi lokacin turawa ko tashi, a shaƙa lokacin sauka. Kada kuma a tsaya cak bayan aiki mai ƙarfi. Minti biyar ɗin sassautawa da mutane ke gudu don su riga kowa shiga wanka, su ne ke hana jini taruwa a ƙafafu a faɗi da jiri. Ciwon ƙirji mai dannewa, ko wanda ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, ba a jira a ga ko zai wuce.

'Yan'uwa mata da suka haihu: gama wankan jego ba ya nufin ciki ya koma daidai. A jira duban likita na mako shida, wadda aka yi wa tiyata kuma ta fi haka. Idan kin kwanta kin ɗaga kai kika ga tsakiyar cikinki ya yi tudu a tsaye, tsokokin ba su gama haɗewa ba, ki bar atisayen naɗe ciki tukuna. Idan fitsari yana ɗiga lokacin tsalle, ya zama ruwan dare ga masu haihuwa, kuma yana da magani ta hanyar ƙarfafa tsokar ƙasan mara. Ki daina tsallen ki gaya wa kabtin ɗinki, mace ce 'yar'uwarki, ta ji irinsa sau da yawa. Mai ciki ta faɗa tun ranar farko.

Ruwa kuwa, sanyin na'urar nadi yana ruɗin mutane. Wanda ya wuni a zafin Makka na bazara, inda ake haura digiri 45, ko a gumin Jidda, ya shigo ɗakin ne da bashin ruwa a jikinsa. A sha kamar rabin lita awa biyu kafin aji, a riƙa kurɓa duk minti 10 zuwa 15. Mai son sanin gaskiyar jikinsa ya hau sikeli kafin aji da bayansa: duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa, sai a mayar da ita da ɗan ƙari. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa rigar leda da ɗamarar roba da ake ɗaurawa a ciki don "narka kitse" ruwa kawai suke tatsa, kuma a ƙasa irin wannan haɗari ne tsantsa.

Washegari jiki zai yi tsami, ya fi tsanani tsakanin awa 24 da 72, har sujada da sauka daga bene su yi wuya. Wannan ba komai, tattaki da ruwan ɗumi suna sassauta shi. Amma akwai wani da ya yi kama da shi wanda ke iya kashe ƙoda. Idan an wahalar da tsokar da ba ta saba ba fiye da kima, tana farfashewa ta zuba abin cikinta a jini. Likitoci sun san shi sosai a wurin masu shiga ajin keke karon farko. Alamunsa: cinya ta kumbura ta yi tauri, ciwon ya wuce misali, ƙafa ta kasa lanƙwasuwa, fitsari ya koma launin baƙin shayi ko ya ragu. A tafi ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, a ranar, a gaya musu an yi atisaye mai tsanani, za su auna jini su yi ƙarin ruwa. Kada a sha ibuprofen ko diclofenac a kwanta, suna ƙara wa ƙoda nauyi. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, kuma wannan rijiyar minti ashirin ɗin ƙarshe na ajin da aka ji kunyar fita ne suke haƙa ta.

Tsarin wata na farko da nake ganin ya fi ɗorewa shi ne aji biyu a mako da aƙalla awa 48 a tsakani, misali sanda ranar Lahadi, keke ranar Laraba, sai tattakin minti 30 kwana biyu. A mako na biyar a ƙara aji na uku. Nauyi kuma a ƙara shi ne kawai idan an gama kashin da tsari mai kyau sau biyu a jere, kilo ɗaya a kowane gefe, a kashi ɗaya ko biyu, ba duka a tashi guda ba.

Sikeli zai iya ƙin motsi a makonnin farko, har ya ɗan hau, saboda tsoka tana riƙe ruwa lokacin da take gyara kanta. A auna ƙugu da tef a saitin cibiya duk mako biyu. Abin nema shi ne ya gaza rabin tsayin mutum. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, aji guda kuwa ɗaruruwa kaɗan yake ƙonewa, don haka wanda ya fito ya tsaya a wurin buroste, wato soyayyar kaza, da gwangwanin lemo ya mayar da abin da ya zubar har da riba. Gwangwani ɗaya na mililita 330 yana ɗauke da suga wajen giram 35. Ful (dafaffen wake) da ƙwai, ko tsirenmu da mutanen Hijaz ke kira siriya, in an rage mai aka haɗa da salak, sun fi dacewa da bayan aji. Garin furotin ba dole ba ne. Garin ƙara kuzari da ake sha kafin atisaye cike yake da kafeyin, wanda ya sha shi ƙarfe tara na dare ya yi sallama da barci, asuba ma ta kuɓuce masa. Duk wanda ya ja ka gefe a ɗakin canza kaya yana tallar allura ko ƙwayar gina jiki, ko da kabtin ne, ka rabu da shi. Hanta da ƙoda da haihuwa ake saye da su.

Da azumi nadi yakan juya jadawalinsa zuwa dare. Mafi dacewa shi ne ajin bayan tarawihi, awa biyu ko fiye bayan buɗa baki, an sha ruwa an ci abinci ya faɗa. Wanda ya saba yana iya yin abu mara nauyi na minti 30 dab da magariba, amma sabon shiga, da mai suga, da mai AS, su bar aji mai zafi da bakin azumi. A watan ana riƙe abin da aka samu ne, a rage nauyi kaɗan, aji biyu a mako sun wadatar.

Haka kuma bayan dogon fashi, ko na aikin Hajji ne ko na tafiya ganin gida. Ka yi tajmid kafin ka tafi, domin yawanci ba a yin sa a baya. In ka dawo bayan mako uku ko fiye, numfashi ne ke fara raguwa, kai kuwa kana tuna nauyin da ka bari. Ka cire kashi ɗaya cikin uku na abin da kake ɗagawa, ka zauna a kan sirdi a ajin keke na farko, ka sake zuwa wurin kabtin minti goma kafin lokaci ka gaya masa tsawon fashin da ka yi. Cikin mako biyu zuwa uku za ka koma inda ka tsaya.